Shawara: Na ɓata wa mai gona rai a farautar bara, ga shi bana Alhaji yana son ya bi ni

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni mazaunin birnin Columbus ne a jihar Ohio ta Amurka, kuma tun ina yaro a gida nake bin mahaifina farauta. Bara wani abokin aikina Bature ya kai ni gonar mahaifinsa a gundumar Coshocton, dattijon ya sa hannu a takarda ya ba ni izinin farautar barewa. Na harbi wata, ta tsallake shinge ta faɗi a gonar maƙwabcinsa, ni kuwa na bi ta na jawo ta ban gaya wa kowa ba. Daga baya abokin nawa ya shaida mini cewa maƙwabcin ya ga jini da sawun takalmi, ya je ya yi wa dattijon magana mai zafi. Bana ba a ce kada in zo ba, ba a kuma ce in zo ba. Ga shi wani Alhaji da nake ganin girmansa, wanda ya sauke ni a gidansa lokacin da na iso ƙasar nan, ya ce lallai bana sai na tafi da shi da ƙanensa. Ina jin nauyin Alhaji, ina kuma jin kunyar dattijon. Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba, domin shi ne ya fi sauƙin yankewa: bana ba za ka kai Alhaji da ƙanensa gonar nan ba, kuma kai kanka ba ka da tabbacin komawa sai ka biya bashin da ka ci bara. Shirun da aka yi maka ba mantuwa ba ne. Manoman karkarar Amurka, musamman tsofaffinsu, ba kasafai suke cewa mutum "kada ka sake zuwa" ba, sai dai su bar ƙofa a janye su zuba ido su ga ko zai gane da kansa.

Na san inda ɗabi'ar ta samo asali, kuma ba na ganin ka da mugun nufi. A gida, idan aka kawar da amfanin gona aka shiga rani, daji na kowa ne, farauta kuma gayya ce: a buga ganga, a fito da karnuka da gora da adda, wanda ya ji ya biyo baya, kuma ba a taɓa tsayar da mafarauci a tambaye shi gonar wa zomo ya ratsa. A Ohio lamarin ya sha bamban tun daga tushe. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar jihar mallakar mutane ce, kuma doka ta wajabta wa duk wanda zai yi farauta a filin wani ya riƙe rubutaccen izinin mai filin a jikinsa, ya nuna wa jami'in kula da namun daji idan ya nema. Wanda aka kama ba shi da wannan takarda, a karon farko ana iya ɗaure shi har kwana 60, a kuma ci shi tarar da ta kai dala 500. Barewar da ka raunata ba ta ba ka ikon tsallake shinge, ko da kana hango ta kwance taku ashirin daga inda kake tsaye, domin izinin da ke aljihunka ya ƙare a daidai inda gonar dattijon ta ƙare. Ga baƙo irinka, wanda wata rana zai cike takardar neman zama ko ta zama ɗan ƙasa a tambaye shi ko an taɓa gurfanar da shi, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Amma ba tarar ce ta fi damuna ba. Abin da ka kashe ran nan ba naka ba ne, mutuncin dattijon ne a idon maƙwabcinsa. Kai ka ɗauki namanka ka koma birni, su kuwa shinge ɗaya ya raba su, wataƙila tun zamanin iyayensu, suna aron tarakta a wurin juna, suna haɗuwa a coci da wurin sayar da hatsi, kuma idan saniyar ɗaya ta ɓalle cikin dare ɗayan ne zai fito da fitila. Lokacin da ya sa hannu a takardarka, kamar ya tsaya maka ne a gaban mutanen yankin ya ce, wannan baƙona ne, na lamunce shi. Da maƙwabcin ya zo da faɗa, ba sunanka ya kira ba, don bai ma san shi ba. Ka kuma ƙara da cewa ɗansa ne ya kawo ka, saboda haka shi ma yaron ya sha tasa maganar a gida, ko da bai faɗa maka duka ba.

Don haka aikin farko shi ne ban haƙuri, kuma da ƙafarka za ka je. Ka gaya wa abokin aikinka cewa kana son ganin mahaifinsa, ka roƙe shi ya tambaya maka ranar da ta dace. Ka guji tsakiyar watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba idan ana tsaka da girbin masara da waken soya, lokacin da manomi ba ya da sararin cin abinci a zaune balle sauraron baƙo, sai dai idan shi ne ya ce ka zo. A al'adarmu mukan tura babba ya ba da haƙuri a madadinmu, kuma hakan girmamawa ce. A can kuwa za a ɗauka ɓuya ka yi a bayan wani. Ɗan zai buɗe maka ƙofa, amma bakinka ne zai yi magana. Ka faɗi abin da ka yi ba tare da kwana-kwana ba: na shiga gonar maƙwabcinka ba izini, ban gaya maka ba, na jawo maka magana, ka yi haƙuri. Kada ka kawo zancen yadda ake yi a ƙasarku a matsayin uzuri, kada kuma ka ce ba ka san doka ba, domin wanda ya karɓi lasisi an ɗauka ya karanta littafin ƙa'idojin da ake bayarwa tare da shi. Sannan ka tambaye shi ko yana ganin ya dace ka je wurin maƙwabcin ka ba shi haƙuri, ka bar masa zaɓi. Yana iya raka ka, yana iya cewa a bar kaza cikin gashinta. Shi ya san mutuminsa. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai shi ne kada ka haɗa ban haƙurin da roƙon sabon izini a zama ɗaya, domin da zarar ka yi haka, haƙurin ya koma kuɗin shiga. Idan yana son ka dawo, shi zai ɗauko zancen, ko ya aiko ɗansa bayan kwana biyu.

Ya kamata kuma ka san abin da ya dace ka yi ran nan, don dabba mai rauni za ta sake tsallake shinge wata rana. Idan ka harba barewa ta ruga, ka lura da inda take tsaye da inda ta ɓace maka, ka zauna aƙalla rabin sa'a kafin ka bi sawu, idan kuma alamu sun nuna a ciki ka same ta, ka jira sa'o'i da dama. Dabbar da aka ƙyale takan kwanta kusa, wadda aka matsa wa kuwa takan yi ta gudu har ta bar gonar. Idan jini ya kai ka bakin shinge, nan tafiyarka ta tsaya. Ka ɗaura ƙyalle a wurin, ka kira mai masaukinka, shi ya kira maƙwabcin. Mafi yawan manoma ba sa hana a ɗauko dabbar da ta faɗi idan an tambaye su, sau da yawa ma sukan fito da ƙaramar mota su taya ka ja. Idan aka ƙi, kowace gunduma daga cikin gundumomi 88 na jihar tana da jami'in kula da namun daji da za a iya kira ya sa baki, amma shi ma roƙo zai yi. Na san abin da ya ja ka shi ne ƙin barin nama ya lalace, kuma wannan hali ne mai kyau wanda addini ya yaba, sai dai addinin da ya hana almubazzaranci shi ne ya ce a Suratun Nur kada a shiga gidajen da ba namu ba sai an nemi izini an yi sallama, kuma wanda ya fahimci hikimar ayar ba zai ce ta tsaya a bakin zaure ba. Mafi alheri ma shi ne ka toshe matsalar tun daga nesa: ka roƙi mai gona ya zaga da kai iyakokinsa da rana, ka zaɓi mazauni nesa da shinge, ka kuma haƙura da duk dabbar da ta tsaya a gab da iyaka, komai kyanta.

Yanzu ga Alhaji. Wanda ya sauke ka a gidansa ranar da ba ka san kowa ba yana da haƙƙi babba a kanka, kuma ban ce ka yi masa tsaurin ido ba. Amma ba a yin kyauta da kayan aro. Takardar izini sunan mutum ɗaya take ɗauke da shi, kuma duk wanda ya biyo ka ba tare da tasa ba, a idon doka mai kutse ne riƙe da bindiga. Ba rowa ce ke sa manomi ƙidaya mutane ba. A makon farautar bindiga, wanda ke farawa ranar Litinin ta bayan Thanksgiving, bikin godiya da Amurkawa ke yi a ƙarshen Nuwamba, ya ɗauki kwana bakwai, akwai 'ya'yansa da jikokinsa a cikin dajin nan, akwai shanu a makiyaya, akwai gida da rumbu a bayan tudu, kuma kwanciyar hankalinsa ita ce ya san wane ne ke zaune a ina, bakin bindigarsa na kallon wace nahiya. Mota ta tsaya mutum uku su fito alhali ɗaya aka gayyata, wannan na cikin abubuwan da ke rufe gonaki ga mafarauta, kamar barin ƙyaure a buɗe da zubar da shara.

Akwai kuma abin da ya shafi Alhaji kansa, wanda faɗa masa shi taimako ne. Sabon mafarauci a Ohio sai ya yi kwas ɗin koyon ƙa'idojin farauta kafin a ba shi cikakken lasisi, ko kuma ya karɓi lasisin ɗan koyo wanda ke wajabta masa kasancewa tare da mai cikakken lasisi ɗan shekara 21 ko fiye, sannan kowa sai ya sayi nasa izinin harbin barewa daban, ba a harbi da takardar wani. Idan ƙanen nasa da bizar ziyara ko ta karatu yake zaune, dokar tarayya ta hana irinsa riƙe bindiga, sai in ya shiga cikin 'yan togaciyar da aka yi, wadda ɗaya daga ciki ita ce mallakar ingantaccen lasisin farauta na ɗaya daga cikin jihohin Amurka. Mai katin zama na dindindin wannan hanin bai shafe shi ba. Saboda haka ka je gidan Alhaji, kada ka yi ta waya, ka gaya masa gaskiya duka, har da abin da ya faru bara: Alhaji, ni kaina a bakin ƙofa nake, na yi laifi ban gama wanke kaina ba, idan na zo da mutum biyu an kore mu gaba ɗaya. Babba mai hankali zai gane. Kada ka tsaya a "a'a" kawai, ka zo masa da madadi. A cikin gundumar Coshocton ɗin nan akwai dajin gwamnati na Woodbury, mai faɗin eka dubu goma sha tara ko kusa da haka, a kudu maso gabashin jihar kuma akwai gandun dajin tarayya na Wayne, kuma duk mai lasisi yana iya farauta a cikinsu ba tare da takardar kowa ba. Ka taimaka musu su yi rajistar kwas, ka ware musu rana ka raka su. Wannan ya fi cika alkawarin da zai jefa su a hannun hukuma.

Idan Allah ya sa dattijon ya sake buɗe maka, to ka shiga da tambaya a baki, kada ka ɗauka izinin bara ya wadatar. Ka karɓi sabuwar takarda mai kwanan watan bana. Ka tambaye shi ranakun da yake so ka zo, domin iyalai da yawa sukan keɓe ranar farko ga 'yan gida, wasu kuma ba sa son jin ƙarar bindiga ranar Lahadi ko da doka ta yarda. Ka tambaye shi wace dabba yake so a harba, kuma a nan ne baƙi suka fi yin kuskure. Manomin da bareyi ke cinye masa waken soya yawanci matan yake so a rage, domin su ke haihuwa, alhali idon baƙo na kan namiji mai manyan ƙaho. Jihar ta ba kowane mafarauci namiji mai ƙaho ɗaya tak a shekara, kuma ba mamaki akwai wani ƙato da jikan gidan ya shekara yana bibiya da kyamarar da ya ɗaure a jikin bishiya. Doka ba ta hana ka harbe shi ba, amma idan ka yi, ka gama zuwa gonar. Kai da nama ya kai ka, mace ta fi maka taushi ma.

Ka tambayi inda za ka ajiye mota, ka kuma bar ta a nan. Ƙarshen Nuwamba ƙasa a jiƙe take, tayar mota na yin kwari a gona wanda zai dame shi har bazara, kuma filin da ka gani kore kamar ciyawa wataƙila alkamar hunturu ce da aka shuka a Oktoba. Ƙyauren da ka tarar a rufe ka rufe, wanda ka tarar a buɗe ka bar shi a buɗe, domin mai yiwuwa da gangan aka buɗe don shanu su kai ga ruwa. Idan za ka ɗaura mazauni a bisa bishiya, ka nemi izini, ka yi amfani da ɗamara maimakon ƙusa ko matakalar da ake murɗawa cikin itace, saboda itatuwa irin su oak da walnut katako ne mai tsada da iyali ke adanawa shekara da shekaru, ƙarfe guda a ciki yana rage musu daraja ya kuma lalata zarto. Ka ɗaure jikinka da igiyar kariya tun daga ƙasa, domin faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarautan barewa, kuma ba abin da mai gida ke tsoro kamar a ce baƙo ya karye a filinsa. Rigar mafarauta mai launin ruwan goro mai haske, wadda ke sa a hango mutum daga nesa, wajibi ce a makon bindiga. Lokacin harbi daga rabin sa'a kafin fitowar rana ne zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta. Farautar barewa da dare da fitilar goshi irin wadda ka sani a gida laifi ce a can, haka ma korar ta da karnuka. Ka aika masa saƙo idan ka iso, ka aika idan ka fita, ko da ba ka samu komai ba. Idan ka feɗe dabba, ka tambayi inda za ka zubar da kayan ciki, nesa da hanya da rafi da inda karen gida zai jawo su ƙofar ɗaki, ka kuma tsince kwankon harsashinka.

Batun addini ka gabatar da shi tun kafin ranar, a cikin natsuwa, don kada ya zo musu ba-zata. Ka ambaci sunan Allah lokacin da za ka harba, idan kuma ka tarar da dabbar da sauran rai ka yanka ta, amma ka tunkare ta ta baya da hattara, domin kofaton barewa yana tsaga fata. Ka gaya wa dattijon haka kake yi, ka kuma gaya masa cewa za ka yi sallar Asuba a gefen mota kafin ka shiga daji, don kada ya hango mutum yana sunkuyawa cikin duhu ya ɗauka wani abu ne ya same ka. Idan uwargidan ta kira ka cin abinci, ka sanar da ɗanta tun da wuri cewa ba ka cin naman alade ba ka shan giya, domin tura kwano gefe bayan an zuba ya fi ciwo a kan faɗa tun farko. Ka zauna ka sha kofi, ka saurari labarin gonar; rabin abin da tsoho ke so daga baƙo ke nan.

Yaba kyauta tukuici. Sayar da naman barewar daji haramun ne a dokar Ohio, amma kyautarsa halal ce, don haka ka tambaye shi ko suna ci, idan suna ci ka kai musu tsokar gadon baya a gyare a naɗe, kada ka ba su abin da kai ba ka so. Idan uwargidanka ta iya kilishi ko dambun nama, ka kai musu su ɗanɗana, a rage yaji. Kuɗi kuwa kada ka danƙa masa a hannu sai in shi ya kawo zancen haya, domin wanda ya ba ka don zumunci zai iya jin ka mai da shi ɗan kasuwa. Abin da ya fi kuɗi shi ne ka bayyana a lokacin da ba farauta: ranar gyaran shinge, ranar ɗaukar damman ciyawa a watan Yuni, ranar faskaren itacen hunturu. Hoton dabba kuma, idan za ka sa a Facebook ko WhatsApp, ka tabbata ba a ga rumbunsa ko alamar hanya ba, kada ka ambaci sunan wurin, domin hoto ɗaya na iya jawo masa motoci goma a ƙofar gida, ciki har da na mutanenmu da za su ce kai ka kwatanta musu.

Yana yiwuwa ka yi duk wannan dattijon ya karɓi haƙurinka ya yi maka fatan alheri, bai kuma sake kiranka ba. Idan haka ta faru, ka yi masa godiya a kan bara, kada ka sake tambaya, kada kuma ka canza wa ɗansa fuska a wurin aiki. Ka shirya tafiya Woodbury da Alhaji da ƙanensa, ku je tun kafin lokaci ku ga wuri da rana ku san iyakokinsa, domin shi ma gonakin mutane ne kewaye da shi. Ku kuma bar ranar Litinin ta farko da Asabar ga masu cunkoso, ku ɗauki hutun Laraba ko Alhamis, lokacin da wuraren ajiye mota suka yi sauƙi kuma sabon mafarauci zai iya zama ba tare da harbi na tashi ta kowane gefe ba.